Takarda Ashirin da Uku, Hannu Ɗaya

Na ga saƙonninku. Wasu na tambaya wai me ya kawo tsohuwa kamata shafin labarin soyayya. Soyayyar tana ciki, sai dai ba tawa ba ce, ta 'yata ce, ni kuma ni ce na zauna daram a tsakiyarta. Wadda ta ce in sassauta harshe, ba zan sassauta ba. Shekarata hamsin da takwas, ban taɓa zama a gaban allo ba sai bara. Da yatsa ɗaya nake buga wannan, in yi layi biyar in huta, Malama kuma ta daidaita min inda haruffa suka karkace.

Ga wanda yau ya shigo. Mu ashirin da uku ne a ajin manya, a ɗakin da ke bayan asibitin unguwa, Litinin da Laraba da Asabar. Wata ƙungiya ce ta sayi bencina da allo da littattafai, ita ke biyan Malama. Wata biyu ke nan da aka sa wa ɗakin kwaɗo, saboda wani yaro mai karatun digiri na biyu, a sashen da ake koyon auna ilimi da tantance shirye-shirye, ya rubuta rahoto cewa ajin bai amfane mu ba. Mai Awo muke kiransa. Shi ne kuma yake neman auren Autata.

Ranar da aka rufe, a tsaye a ƙofar ɗakin Malama ta karanta mana rahoton. Ta cikin taga muna hango allon, da sauran rubutun Asabar da ba a goge ba.

"An samu cewa bayan shekara guda ana koyarwa, ɗaliban sun koma baya," in ji ta.

Mai Kitso, wadda muke benci ɗaya da ita, ta gyara zaman mayafi. "Baya zuwa ina? Ni da na zo ko sunana ban iya ba, ina ne bayan?"

Babu wadda ta yi dariya. Malama ta juya takardar. Ta ce a jarrabawar farko, kafin a fara koya mana, makinmu tamanin da ɗaya ne cikin ɗari. A ta ƙarshe, bayan shekara, hamsin da huɗu.

"Ni kaina ban gane ba," ta ce. "Tamanin da ɗaya? Ranar da na fara da ku, Mai Kitso a kife take riƙe da littafi."

Mata ashirin da biyu suka dubi ƙasa. Babu wadda ta dube ni, kuma wannan ya fi kallon ciwo. Na tsaya ina jiran in ji wani abu a ƙirjina, ko kunya ko hawaye. Shiru. Sai na lura igiyar takalmina ta kusa tsinkewa, na yi ta kallonta.

Bari in gaya muku abin da Malama ba ta sani ba a ranar.

Makon da Mai Awo ya fara zuwa, Malama tana jinyar mahaifiyarta, ba ta nan. Ya shigo da riga fara mai guga, biro uku a aljihu, jaka a baya kamar ɗan makaranta. Ya durƙusa ya gaishe mu. Ya raba takardu da fensir, ya ce kowa ta yi abin da ta iya, wadda ba ta iya ba ta bari. Muka zauna muna kallon takarda, takarda na kallonmu. Sai raɗa ta fara zagawa daga bencin baya: wai wadda ta faɗi, cire ta za a yi daga ajin. Ban san wa ta fara faɗa ba. Kafin ta iso gaba ta zama gaskiya.

Ni ce babba a ajin, ni ce kuma mai baki. Na ce, "Ɗan nan, kana tsaye a kanmu kamar mai gadi, hannunmu rawa yake. Bar mana takardun, ka dawo gobe."

Ya sosa ƙeya. "Mama, ƙa'ida ta ce a gabana za a yi."

"Ƙa'ida ce ta haife ka? Haka kake tsayawa a kan uwarka?"

Ya sunkuyar da kai, ya bar takardun. Na tattara su na sa a jakar cefane na kai wa Auta. Ta gama sakandare, hannunta kamar na inji. Ta ce ba za ta yi ba, na ce za ta yi. Ta zauna a kan tabarma tun bayan abincin rana har rana ta yi sanyi. Tana canza fensir, wata takardar ta kwantar da rubutun, wata ta miƙar, a kowace ta ɓata amsa uku huɗu don kar a gane. Washegari na miƙa masa ashirin da uku cif, ya ce, "Kai, Mama, ashe ku gwanaye ne."

Bayan shekara ya dawo. Wannan karon Malama na nan, shi ma yana zaune, mu kuma ba ma tsoron takarda. Kowa ta yi da hannunta. Na karanta tambaya goma sha bakwai ni kaɗai. Mai Kitso ta rubuta sunanta da na unguwarsu, ta fito tana rangaji kamar wadda aka ba kyautar mota. Ba mu taɓa yin alfahari irin na ranar ba. Shi ne hamsin da huɗun.

To, a tsakanin jarrabawar biyu ne ya ga Auta, ranar da ta kawo min laima aji.

Na je ofishin ƙungiyar sau uku. A na ukun wata mai jan baki ta ce min su ba su san komai ba sai abin da jami'a ta rubuto. In jami'a ta ce rahoton da kuskure, za su duba. In ba haka ba, bencinan ma an riga an yi wa wani wuri alkawarinsu.

Ranar Lahadi da yamma ya zo gidan. Auta ta share falo sau biyu, ta canza rigar kujeru, ta sa masa ruwa a kofin gilashin da ba na bari a taɓa. Ya zauna a bakin kujera, gwiwoyi a haɗe, takalmi a ƙofar ɗaki yana sheƙi. Ni ban iya kunyar suruki ba, don haka na jawo kujerar roba na zauna a gabansa.

"Yaushe za ka kare kundin naka?"

"Ranar Alhamis, Mama. Ƙarfe goma, a gaban kwamiti."

"In ka kare, sai me?"

"Sai a ba ni digirin. Akwai aikin da aka ce in kawo takardar in fara." Ya saci kallon Auta. "Daga nan sai manya su zo."

"Mu kuma fa?"

"Mama, ba ni na rufe ajin ba. Ni awo na yi. An auna kafin, an auna bayan, aka ɗebe wannan daga wancan. Lambobi ba sa ƙarya."

"Ni na yi musu ƙaryar," na ce. "Takardun farko ba mu muka cika ba. Ka san ka bar mana su."

Auta ta ajiye faranti a hankali. Shi kuma ya ɗauki kofin, ya duba cikinsa, ya mayar bai sha ba.

"Mama, wannan magana ai ta wuce."

"Ta wuce ina? Kwaɗon na nan."

"Ba a sake jarrabawar farko. Sau ɗaya ake yinta, kafin mutum ya iya. Yanzu kun iya." Ya ɗan yi murmushi. "In na samu aikin, ni da kaina zan nemo muku wani ajin. Har da fanka."

"Ka ji ka da bakinka. Kun iya. A can me ka rubuta?"

Ya sake duban kofin. Abin da ya tsaya min shi ne bai yi mamaki ba. Ka gaya wa mutum an zuba yashi a awonsa, ya ce maka ta wuce. Na ajiye wannan a gefe, na tashi na ba su wuri.

Litinin da safe sai ga Yaya, wana. Tun rasuwar mahaifinsu shi ke tsaya wa yaran, kuma ba ya zuwa da safe sai an kira shi. Ya ƙi zama. Ya tsaya a tsakar gida yana juya makullin babur a yatsa.

"An ce za ki jami'a."

"Wa ya ce?"

"Ke dai tun kina yarinya haka kike. In kika ga wuta sai kin sa yatsa. Yaro mai hankali, ya kusa zama wani abu, ya zo da ƙafarsa yana son 'yarki. Ki je ki rushe shi saboda a, ba, ca?"

"Saboda a, ba, ca nake shan maganina daidai yanzu, Yaya. Shekara shida ina shan maganin safe da daddare."

"To kin iya, sai ki gode. Me ya rage? Farfesa za ki zama?"

"Mai Kitso ba ta gama ba. Sauran ma haka."

"Mai Kitso ce za ta auri Auta?" Ya sa makullin a aljihu. "Kuma ki tuna hannun wa ke kan takardun. In kin tona, 'yarki kika tona. Ki zauna a gida, na gaya miki."

Na ce masa na ji. Ji kam na ji.

Yanzu ku saurara, don nan ne wurin. A gidan nan an saba ni ba na karatu. Shekara da shekaru ana ajiye takarda a gabana kamar an ajiye a gaban bango. Ko da na shiga aji, a bakinsu ne na iya, a ransu ina nan yadda nake. Bayan tafiyar Yaya, Auta ta shiga wanka ta bar wayarta a kan firji, kusa da kwalbar maganina. Wayar ta yi haske. Ban ɗauka ba, ban taɓa ba. Na dai tsaya da kofi a hannu na karanta, harafi bayan harafi, da yatsana a iska yadda Malama ta koya mana.

"Ki riƙe Mama zuwa Alhamis, don Allah."

Daga Mai Awo ne. Wani saƙon ya shigo a ƙasansa.

"Na gaya miki tun ranar da kika rubuta min lambarki na gane hannunki ne a takardun. Na rufa mana asiri. Ke ma ki rufa."

Hasken ya mutu. Na tsaya. Ranar da ta rubuta masa lambarta, wata biyar ne kafin ya rubuta rahoton. Na lissafa da yatsu sau biyu don kar in zalunce shi.

Na zaci zan fasa kofin. Na zaci zan buga ƙofar banɗaki in ce ta fito. Sai na ga na sha maganina, na wanke kofin, na kife shi. Na ɗebo wanki. Ina cuɗa rigar Auta ina jin ruwan na da sanyi, iyakar abin da na ji ke nan. Fushina yana nan, na san yana nan, amma kamar kayan da aka ajiye a ɗakin wani.

Talata na sa doguwar rigata mai ruwan toka, wadda nake zuwa asibiti da ita, na ɗauki fensir na fita. Na ce wa Auta kasuwa za ni.

Jami'a gari ce guda. Mai gadi ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Iya, ɗanki kike nema?" Na ce sashen auna ilimi nake nema. Ya nuna da haɓa. Sauran ni na yi: na karanta kibiyoyi, na karanta lambar ƙofofi, na wuce goma sha huɗu na dawo. A bango an manna takarda mai jerin waɗanda za su kare kundi ranar Alhamis. Sunansa na biyu. A gefensa an rubuta lambar ɗakin mai duba aikinsa.

Mace ce ashe. Farfesa, da tabarau rataye a wuya, ta kai shekaruna. Ofishin cike da kwalaye har saman kabad, fanka na juyawa tana ɗaga bakin takardu. Ta ce in zauna. Na gaya mata komai a tsaye, daga jakar cefane har kwaɗo. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta sa tabarau, ta tashi, ta jawo wani kwali, ta zaro damin takardu ɗaure da roba. Na gane su. Ta farko har da tabon mai daga jakata.

Ta shimfiɗa biyar a kan tebur, ta daɗe tana kallo. Ta ƙara biyar.

"Duk bakwai ɗin nan da sanda a tsakiya," ta ce, kamar da kanta take. "Mata ashirin da uku ba sa yin bakwai iri ɗaya." Ta cire tabarau ta murza ido. "Sau uku na karanta kundin nan. Lambobin na duba, ban buɗe kwalin ba."

"To a buɗe mana aji."

"Buɗewa ba a hannuna take ba. Abin da zan iya, in rubuta wa ƙungiyar cewa awon farko ba awo ba ne, a janye rahoton, a sake duba aikin ajin ta wata hanya. Amma Hajiya, ki san abin da kike nema. In na rubuta haka, kundinsa ba zai tsaya ba. Aikinsa na shekara biyu ke nan."

"Mu shekara hamsin muka jira."

Ta gyaɗa kai. "Ya san da wannan kafin ya rubuta?"

Fankar ta juyo ta ɗaga takardar Mai Kitso. Na danne ta da hannu.

"Ban zo ƙarar yaro ba. Na zo a buɗe aji."

"Ba ki amsa ba."

"Ban amsa ba."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta turo min farar takarda da biro. Ta ce in akwai wanda zai rubuta min bayanin, in kawo gobe. Na ce da fensirina na zo. Na ɗauki kusan rabin awa a kan layi huɗu, ita kuma ta yi kamar tana duba wani abu a kwamfuta don kar ta tsaya a kaina. Da na miƙa mata ta karanta, ta duba kwanan watan da na sa a ƙasa, ta ce, "Wannan shi ya kamata ya auna."

Na zaci an gama. Sai ta ce, "Saura abu ɗaya. Kwamiti ba ya aiki da maganar baki, ko tawa ce. Wadda ta cika takardun nan za ta zo ranar Alhamis, ta yi rubutu a gabansu, a gwada da waɗannan. In ta zo, zan sa hannu a wasiƙar kafin azahar. In ba ta zo ba, bayaninki zai shiga kwalin nan ne kawai. Wace ce?"

"'Yata."

"Za ta zo?"

"Za ta zo. Har rigar zuwan ta ɗinka," na ce. "Sai dai don shi ta ɗinka, ta zo ta ga ya kare kundinsa."

Farfesa ta cire tabarau. Ta mayar da robar a kan takardun.

Da na dawo gida Auta na falo tana guga. Rigar ce, shuɗiya mai duhu da ƙananan maɓallai a hannu, wadda ta yi mako uku tana zirga-zirga wurin tela a kanta. Ta shimfiɗa bargo a kan tebur, tana yayyafa ruwa da yatsu. Ta dubi hannuna babu leda.

"Kasuwar ba ta ci ba, Umma?"

"Jami'a na je."

Ta ci gaba da guga. Na zauna a kujerar roba na gaya mata yadda aka yi, ban ƙara ba ban rage ba. Na ce ni na sa ta cika takardun, laifin nawa ne, kuma na rubuta hakan. Na ce ba zan sa ta ba karo na biyu.

"Kin gaya mata ya sani?"

"Ke kin san na sani?"

Dutsen gugar ya tsaya. Ta dubi firjin, ta dubi inda wayar take jiya, ta dube ni. Ban taɓa ganin ta yi min irin wannan kallon ba, kamar an sa sabuwar ƙofa a bangon da ta saba jingina.

"Ban gaya mata ba," na ce. "Wannan tsakaninku ne. Ni aji nake nema."

"Wata da watanni ina ce masa ya faɗa, Umma. Kullum sai ya ce bayan Alhamis."

"Bayan Alhamis bencinan sun tafi."

Ta juya hannun rigar, ta bi tsakanin maɓallan ɗaya bayan ɗaya da bakin dutsen, a hankali, har ta kai ƙarshe. Ta cire wuta. Ta rataye rigar a bayan ƙofa, ta tsaya tana gyara kafaɗunta da suka riga suka daidaita. Sannan ta ɗauki waya ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ta yi rubutu, ta goge, ta sake. Na ji ƙarar tafiyar saƙo.

Ta miƙo min wayar ba tare da ta ɗago ba. "Karanta, tunda kin iya."

Na sa yatsa a ƙarƙashin layin.

"Zan zo ranar Alhamis kamar yadda na yi maka alkawari. Amma ba a bayanka zan zauna ba. Kana da gobe guda ka riga ni faɗa."

A ƙasa alama ta nuna ya gani. Sai ɗigogi uku suka fara rawa, wato yana rubutu. Suka tsaya. Suka dawo. Muna zaune ni da 'yata, kanta jingine da gwiwata, muna kallonsu. Suka sake tsayawa, ba su dawo ba.

Na miƙa mata wayar. Na zaro fensirina daga jaka, bakinsa ya dakushe a ofishin Farfesa. Na ce ta miƙo min reza.